Kafin Ku Taɓa Kod ɗin da Kuka Gada

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, akwai abin da ba a cika faɗa muku a aji ba, kuma gara ku ji shi tun yanzu. A makaranta farin shafi ake ba ku a ce ku rubuta. A wurin aiki kuwa da wuya ku ga farin shafi. Abin da za a miƙo muku shi ne kundi mai fayil ɗari biyar ko dubu biyu, wanda mutane da dama suka shafe shekaru suna rubutawa. Wasu sun canza aiki, wasu sun bar ƙasar, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Sai a ce muku wurin biyan kuɗi yana ba da matsala, a gyara shi kafin Litinin. Ba takardar bayani, ko kuma akwai ta amma an daina sabunta ta tun da daɗewa.

Haka sana'ar take a ko'ina. Lokacin da Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, layukan kod ɗin ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba. Yau sun haura miliyan 30, kuma babu mahalukin da ya karance su duka. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta raba jama'a da ayyukansu, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira tun 1959, saboda manhajar biyan tallafin marasa aiki ta shekara fiye da arba'in tana aiki kuma ta kasa ɗaukar nauyin da ya hau kanta. Wanda ya iya karanta kod ɗin wasu, ya gane yadda sassansa suke hulɗa, shi ake nema ido rufe. Shi ya sa nake so mu yi magana a kan wata dabara da ke taimaka wa baƙo ya ga fasalin babbar manhaja kafin ya kutsa cikinta, da kuma iyakar abin da dabarar za ta iya yi masa.

Ana kiran ta taswira mai tsara kanta, ko taswirar Kohonen, da sunan Teuvo Kohonen, farfesa ɗan ƙasar Finland da ya bayyana ta a wata maƙala a 1982. Ya rasu a 2021. Wani nau'i ne na ragar jijiyoyi ta kwamfuta, kuma daga ƙwaƙwalwa aka aro tunaninta. Masana sun daɗe da gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwa yana da tsari irin na taswira: wurin da ke karɓar saƙo daga babban yatsa yana maƙwabtaka da na manuni, sautuka masu kama da juna ma a wurare makusanta ake jin su. Kohonen ya nemi ƙa'ida mafi sauƙi da za ta haifar da irin wannan tsari ba tare da malami ya tsaya yana cewa wannan na nan ne, wancan na can ne ba.

Ga yadda take aiki, kuma ina roƙon ku ku bi ni a hankali, domin duk nasihar da ke tafe a kan wannan ta dogara. Ku ɗauki allo mai gidaje, misali goma a tsaye goma a kwance, gida ɗari ke nan. Kowane fayil na manhajarku an riga an mayar da shi jerin lambobi. Kowane gida a allon shi ma ana ba shi jerin lambobi mai tsawo ɗaya da na fayilolin, amma da farko na kan-mai-uwa-da-wabi ne. Sai a ɗauko fayil guda, a gwada shi da gidajen duka, a ga wane gida ne lambobinsa suka fi kusa da nasa. Wannan gidan ya ci. Ladan cin shi ne lambobinsa su ɗan gusa zuwa ga na fayil ɗin. Amma ba shi kaɗai zai gusa ba, kuma a nan hikimar take: maƙwabtansa a allon su ma suna gusawa, na kusa sosai, na nesa kaɗan. Sai a ɗauko wani fayil, a sake. Ana maimaitawa sau dubbai. A farko ana barin maƙwabtaka ta yi faɗi, gusawar ma ta yi yawa. Sannu a hankali a riƙa rage duka biyun har allon ya natsu. A ƙarshe kowane fayil ya sauka a gidan da ya fi kama da shi, gidajen da ke kusa da juna kuma sun zama masu kama da juna.

Duk wanda ya ga yadda sabuwar kasuwar ƙauye ke kafuwa ya san wannan. Babu wanda ya zana wa kowa wuri. Mai tumatir ya baje kayansa, mai tattasai ya matso kusa saboda mai sayen wannan yana neman wancan, mai albasa ya bi su. Mahauta suka koma gefe guda, 'yan tireda wani gefen. A makonnin farko ana ta ƙaura da kaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, daga baya sai ɗan matsa tabarma kawai, har wurin ya zauna yadda baƙo zai shigo ya san inda zai nufa.

Dabarar ba ta tsaya a takarda ba. Kohonen ya yi amfani da ita wajen gina na'urar da ke mayar da maganar baka rubutu a harsunan Finland da Japan a ƙarshen shekarun 1980. A shekara ta 2000 shi da abokan aikinsa suka jera taƙaitattun bayanan takardun mallakar fasaha kusan miliyan bakwai a kan taswira mai gida fiye da miliyan ɗaya, a wani aiki da suka sa wa suna WEBSOM. Tun a shekarun 1990 kuma Dieter Merkl na birnin Viyana ya gwada ta a kan ɗakunan ajiyar kod, yana jera sassan manhaja bisa kalmomin da ke cikin bayanansu, domin mai neman abin da zai sake amfani da shi ya samu ba tare da wahala ba.

To, na ce an mayar da fayil jerin lambobi, na wuce kamar abu ne mai sauƙi. Alhali nan ne aikinku na gaskiya yake, kuma nan ne mafi yawan masu gwadawa suke yin sakaci. Taswira ba ta taɓa ganin kod ɗinku ba. Lambobin da kuka ba ta kawai take gani. Abin da kuka zaɓa ku auna shi ne zai yanke wane fayil ne ɗan'uwan wane.

Kuna iya auna siffar kod: layuka nawa, sharuɗɗa nawa, zurfin shigar wani sharaɗi cikin wani. Thomas McCabe ya kawo ma'auninsa a 1976, wanda a sauƙaƙe shi ne a ƙirga wuraren da kod ke yanke shawara a ƙara ɗaya, kuma ya ba da shawarar a fara damuwa idan adadin ya wuce goma a aiki guda. Chidamber da Kemerer sun ƙara ma'aunai shida a 1994 domin harsuna irin su C++, ciki har da yawan sassan da wani sashe ya jingina da su. Idan waɗannan kuka ba taswira, za ta tara muku manya-manyan fayiloli masu sarƙaƙiya a kusurwa guda, ƙananan masu sauƙi a wata. Wannan yana da amfani idan tambayarku ita ce ina kurakurai suka fi son ɓuya. Amma ba zai gaya muku abin da fayil yake yi ba.

Kuna iya auna kalmomi: sunayen da marubuta suka raɗa wa ayyuka da ma'ajiyai, da bayanan da suka bari a gefe. Ku ɗauki manhajar makarantar sakandare. Fayilolin da ke cike da kalmomin kuɗi, rasit, bashi da zangon karatu za su taru wuri ɗaya. Masu maganar jarrabawa, maki da sakamako su taru wani wuri. Masu aika saƙon waya ga iyaye su ware. Sai ku ga manhajar ta bayyana bisa ma'ana. Amma hattara, wannan hanyar ta dogara ga ɗa'ar waɗanda suka gabace ku. Idan wani ya sa wa komai suna x1 da x2 da temp, taswira ba ta da abin kamawa. Idan kuma ofishinku irin wanda ake gauraya Hausa da Turanci a cikin sunaye ne, wannan ya rubuta kalmar kuɗi da Hausa wancan ya rubuta ta da Turanci, na'ura za ta ɗauke su abubuwa biyu daban sai kun haɗe mata su da hannunku. Sannan dole ku tace kalmomin da ke cikin kowane fayil, irin ginannun kalmomin harshen da rubutun lasisin da ake liƙawa a saman kowane shafi, in ba haka ba komai zai yi kama da komai.

Akwai hanya ta uku, wato wa ke kiran wa, wane fayil ne ba ya aiki sai da wane. Akwai kuma ta huɗu wadda ni na fi ƙauna, domin ba ta dogara ga abin da marubuta suka faɗa ba sai abin da suka aikata: tarihin canje-canje da ke ajiye a Git. Fayiloli biyu da kullum tare ake gyara su suna da alaƙa, ko da sunayensu ba su yi kama ba, ko da ɗaya ba ya kiran ɗaya. Sau da yawa irin wannan ɓoyayyiyar alaƙar ce ke sa ka gyara nan, can ya lalace.

Manhaja ɗaya, taswira huɗu, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Saboda haka kada ku kunna na'ura sai kun rubuta tambayarku a takarda da jimla ɗaya. Ina so in san inda zan fara gwaji? Ina so in raba wannan katafariyar manhaja gida-gida? Ina neman inda aka kwafi kod aka liƙa? Tambayar ce za ta zaɓa muku ma'auni.

Wani ƙaramin tarko da ke kama kusan kowa a karon farko: girman lambobi. Yawan layuka yana iya kai 3,000, zurfin sharuɗɗa kuwa da wuya ya wuce 8. Idan kuka zuba su haka, tazarar layuka za ta danne sauran, sai ku sami taswirar da ba ta nuna komai sai tsawon fayil, abin da kuna iya gani ba tare da ita ba. Ku daidaita ma'aunan su koma sikeli ɗaya tukuna.

Yanzu taswira ta fito. Yawanci ana kallon ta ta hanyar da Alfred Ultsch na Jamus ya kawo wajen 1990: a shafa wa kowane gida launi gwargwadon nisansa da maƙwabtansa, inda gidaje suka yi kama sosai ya zama kamar kwari, inda suka bambanta ya zama kamar tudu, tuddan su ne iyakokin rukunoni. Hoton yana da kyau ƙwarai, kuma kyawunsa ne haɗarinsa. Ku riƙe wannan da kyau: taswirar Kohonen ba ta taɓa cewa ba ta sami komai ba. Ko lambobin banza kuka zuba mata za ta jera su, ta ba ku kwari da tudu, idon ɗan'adam kuma gwani ne wajen ganin fasali a inda babu shi. Tunda da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi ake farawa, gudu biyu ba lallai su ba da hoto iri ɗaya ba. Rukunin da ke arewa yau yana iya komawa kudu gobe. Girman allon ma ku kuka zaɓa: ƙarami ya cusa baƙi a ɗaki ɗaya, babba ya raba 'yan'uwa. Don haka ku gudanar da ita sau da dama, ku canza girman allo, ku ga waɗanne fayiloli ne ba sa rabuwa ko ta yaya aka juya. Waɗannan ne za ku amince da su. Ku kuma yi gwajin gaskiya sau ɗaya: ku yamutsa lambobin da gangan yadda duk alaƙa za ta lalace, ku sake zana taswira. Idan hoton da ya fito bai fi na gaskiyar muni ba, to na gaskiyar ma ba abin da yake faɗa.

Abin da ya fi komai amfani a wurina shi ne inda taswira ta saɓa wa tsarin da masu manhajar suka yi da kansu. Ku ɓoye mata sunayen manyan aljihunan da fayiloli ke ciki, bayan ta gama sai ku shafa wa kowane fayil launin aljihunsa. Inda launi ɗaya ya taru, babu labari. Amma idan fayil daga sashen jarrabawa ya je ya zauna tsakiyar sashen kuɗi, ku tsaya. Wataƙila wani ya saka dokar hana ɗalibi ganin sakamakonsa sai ya biya kuɗin makaranta, ya cusa ta a inda bai kamata ba. Wataƙila kuma kuskuren ma'auninku ne. David Parnas ya koyar tun 1972 cewa a raba manhaja bisa shawarwarin da za su iya canzawa, kowane sashe ya ɓoye nasa sirrin. Melvin Conway kuma ya lura a 1968 cewa fasalin manhaja yakan kwaikwayi fasalin sadarwar mutanen da suka gina ta. Wato wani rukunin da za ku gani ba dalilin fasaha ne ya haifar da shi ba. Mutum ɗaya ne ya rubuta fayilolin da salonsa, ko ofisoshi biyu ne ba sa ga maciji. Lambobi ba za su gaya muku wanne ne a ciki ba. Sai kun buɗe fayil ɗin kun karanta, sai kun je wurin wanda ya fi daɗewa a ofishin kun gaishe shi kun tambaye shi.

Inda na fi jin tsoro a kanku shi ne kamanni. Taswira za ta nuna muku ayyuka biyu a gida ɗaya, kusan layi da layi iri ɗaya, zuciya ta ce a haɗe su a huta, ko a ɗauki wannan a kai sabuwar manhaja tunda ya daɗe yana aiki lafiya. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi karon farko daga Kourou, ta tarwatse kimanin daƙiƙa arba'in bayan tashi, da taurarin ɗan'adam huɗu a cikinta. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano cewa manhajar da ke auna matsayin rokar daga Ariane 4 aka ɗauko ta, inda ta yi shekaru ba ta ba da matsala ba. A cikinta akwai wurin da ake zuba wata lamba cikin ma'ajiyar da ba ta ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa kai haka ba. Sabuwar ta fi gudu a kwance, lambar ta yi ambaliya, na'urar ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma ta tsaya domin kod ɗinsu ɗaya ne. Duk wani ma'auni da na lissafa muku a sama zai ce kod ɗin bai canza ba, kuma gaskiya ne. Abin da ya canza yana waje da kod, a cikin zaton da marubutansa suka yi game da duniyar da zai yi aiki a ciki. Wannan zaton ba ya shiga jerin lambobi. Mutum ne kaɗai zai tambaya: me aka ɗauka tabbas ne a nan, kuma har yanzu tabbas ɗin ne?

Abu biyu na amana, a taƙaice. Kod ɗin wanda ya ɗauke ku aiki dukiyarsa ce, wani lokaci har da kalmomin sirri da bayanan jama'a a ciki, kada ku ɗora shi a wani shafin intanet don a zana muku taswira sai da izini. Sannan idan taswira ta nuna kusurwar da kod ya fi rikicewa kuma kun san wanda ya rubuta, kada ku mayar da hoton sandar dukan abokin aiki a gaban shugaba. Ba ku san cikin wane hali ya rubuta ba, kuma sau da yawa wuri mafi sarƙaƙiya shi ne inda aka jibga wa mutum ɗaya aiki mafi wuya.

Na san wani zai ce, Yaya, a zamanin ChatGPT da manyan na'urorin ƙirƙirarriyar basira, me ya kai mu ga dabarar 1982? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne yau masu bincike sun fi amfani da wasu hanyoyin zana irin wannan hoto, kamar t-SNE ta 2008 da UMAP ta 2018, kuma akwai manyan na'urori da ke mayar da kod jerin lambobi fiye da yadda ƙirgen kalmomi zai yi. Ku koye su. Amma taswirar Kohonen tana da abin da ya sa nake so ku fara da ita: ƙarama ce har kuna iya fahimtar ta gaba ɗayanta. Da Python da NumPy za ku rubuta ta da hannunku a layukan da ba su kai ɗari ba, ku ga kowane gida yana gusawa, ku san dalilin da ya sa fayil ya sauka inda ya sauka, domin lambobin kowane gida a buɗe suke ku karanta. Fayil dubu ɗaya ba zai gagari tsohuwar laftof ba, ba ta buƙatar data, ba ta buƙatar katin biyan dala, kuma cajin batir ɗaya ya isa idan an ɗauke wuta. Wanda ya taɓa ganin yadda canza ma'auni ɗaya ke juya taswira gaba ɗaya ba zai ƙara karɓar amsar kowace na'ura, komai girmanta, ba tare da ya tambayi abin da aka ciyar da ita ba. Lambobin da sababbin na'urori ke fitarwa ma kuna iya zuba su a kan allon Kohonen. Ƙa'idar ba ta damu da inda suka fito ba.

Ga abin da nake so ku yi a hutun da ke tafe. Ku sauko da wata buɗaɗɗiyar manhaja daga GitHub, matsakaiciya, mai fayil ɗari biyu zuwa ɗari biyar, wadda ba ku taɓa karantawa ba. Ku rubuta taswirar da kanku tukuna. Bayan ta yi aiki sai ku gwada ta da MiniSom na Python ko kohonen na R ku ga ko kun dace. Ku zana taswira biyu, ɗaya ta kalmomi ɗaya ta tarihin Git. Daga kowane rukuni ku buɗe fayil uku, biyu daga tsakiya ɗaya daga bakin iyaka, ku karanta su daga sama har ƙasa, sannan ku raɗa wa rukunin suna da Hausa a littafinku. Rukunin da kuka kasa raɗa wa suna, ku sa masa alamar tambaya, ku koma tarihin canje-canjensa ku ga wa ya taɓa shi, yaushe, kuma me ya rubuta a matsayin dalili. Idan kuka gano fayil da ke zaune a inda bai dace ba, kuka tabbatar da haka ta karatu, ku rubuta wa masu kula da manhajar cikin ladabi, ku kawo sunan fayil ɗin da lambar layin da abin da kuka gani a ciki.